An ce in bar ɗiyata a gida tunda ba ta gani

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ɗiyata ta biyu shekararta 8. Tana da shekara 4 ƙyanda ta kama ta, ta warke amma idanunta suka yi fari. Yanzu tana bambance haske da duhu, in an kunna fitila tana juyowa, amma ba ta gane fuska. Bara na kai ta firamaren unguwarmu inda yayanta yake, shugaban makarantar ya ce ba su da malamin makafi, in mayar da ita gida. Tun daga nan tana ɗaki. Ni ke mata wanka, ni ke sa mata tufafi, ko zaure ba na bari ta leƙa don kada ta faɗi. Kullum in 'yan'uwanta sun fita sai ta tambaye ni yaushe za ta fara zuwa. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce mi za ta yi da boko, a bar ta ta haddace Alƙur'ani a gida ya isa. Wani ƙanen maigidan har ya kawo maganar a riƙa fita da ita ranar Juma'a ana samun sadaka. Maigidana bai yarda da bara ba, amma ya ce ba zai miƙa ɗiya mace da ba ta gani hannun baƙi ba. Ba na son saɓa masa, ba na son saɓa wa Inna, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da yarinyar nan, ya ba ta lafiya, ya raya miki ita. Zuciyarki da ta ƙi kwanciya tana kan gaskiya. Yarinyar nan makaranta za ta shiga, kuma bana, ba baɗi ba. Shekara 8 ba a makara ba, amma kowace shekara da ta ƙara a ɗaki tana tafiya ne da wani abu da zai yi wuyar dawowa: ƙarfin ƙafa, sabo da mutane, da kuma yarda da kanta cewa ita ma mutum ce kamar yayanta.

Mu fara da idon, tunda kin ce tana ganin haske. Ki kai ta sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru da ke nan cikin gari, ki nemi likitan ido ya duba ta da kyau. Ƙyanda, musamman in ta samu yaro da ƙarancin sinadarin bitamin A a jikinsa, tana busar da tantanin da ke gaban ido ta yi masa gyambo, in ya warke ya bar farin tabo. Amma ba kowane fari a ido ne tabo ba. Akwai yana, wadda ake cirewa da tiyata yaro ya gani. Ni da ke ba za mu iya bambance su ba, sai likita da na'urarsa. Ba zan yi miki alkawarin ganinta zai dawo ba, domin babban tabo yana da wuyar magani. Sai dai ko ɗan saura ne a ido ɗaya, yana da amfani matuƙa: wani yaron da gilashin ƙara girman rubutu da manyan baƙaƙe yake karatunsa, wani kuma ɗan hasken nan ne yake nuna masa inda ƙofa take. In sun tura ku Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ku daure ku je. Kafin ki bar asibitin ki roƙi likita ya rubuta miki takardar bayanin halin idon, ki adana ta. Makaranta za ta tambaye ta, masu jarrabawa ma za su tambaye ta nan gaba.

Don Allah kada a ɗiga mata komai a ido da sunan maganin gargajiya, ko ruwan ganye ko gari ko wani haɗi, kuma kada a bari mai yawo da tsinke yana cire yana ya taɓa ta. Idanu da yawa a ƙasar nan ba ciwon farko ne ya ƙarasa su ba, maganin ne. In tana da ƙanne, a tabbatar sun samu rigakafin ƙyanda a wata 9 da na biyu a wata 15, da ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5. Amma ki ji ni da kyau: zirga-zirgar asibiti ba za ta tsayar da maganar makaranta ba. Na ga gidajen da aka ce sai ido ya warke tukuna, har yaro ya yi gemu ana jira.

Shugaban makarantar unguwarku mai yiwuwa gaskiya ya faɗa miki da ya ce ba shi da malamin makafi. Inda ya yi kuskure shi ne hukuncin da ya yanke daga nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaron Najeriya. Ta ɗora nauyin a kan gwamnati, ta ɗora a kan iyaye, kuma ba ta ware makaho ba. Sannan ga dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Wannan ta fi fitowa fili: mai naƙasa yana da haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare, makarantun gwamnati su zama a buɗe gare shi, kowace ta samu aƙalla malami ɗaya da aka horar kan koyar da irinsu, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu a cikin manhaja. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan 1 ga kamfani. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Masu Naƙasa ta Ƙasa a 2020, kuma samar da kayan karatu na musamman yana cikin aikinta.

Na san abin da ke takarda daban, abin da ke aji daban. Ba don ki je ki ɗaga wa kowa murya na kawo miki dokar ba. Na kawo ta ne don in kin shiga ofis ki shiga da kanki a ɗage, kin san ba alfarma kika je nema ba. Ku rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa, sunan maigida a kai in ya yarda, zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku: ga yarinya, ga shekarunta, ga takardar likita, muna neman a sama mata gurbi. Ku riƙe kwafi a sa masa hannu. In shiru ya yi yawa, ku kai irinta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda ake kira SUBEB. Maganar baki tana ɓacewa a ofis, takarda kuwa dole wani ya amsa ta.

To wace makaranta? Ku kun yi dace, cikin gari kuke. Akwai makarantar yara masu buƙata ta musamman ta A. A. Raji a nan Sakkwato, inda ake koyar da makafi da kurame. Iyaye daga ƙauyuka masu nisa suna kawo nasu, ku kuwa kuɗin Keke Napep ne tsakaninku da ita. A ganina can ya kamata ta fara, ko da a ce gobe firamaren unguwarku ta ce ta karɓe ta. Dalilina ɗaya ne: rubutu. Yarinyar da aka zaunar a bayan aji mai ɗalibai saba'in, malam yana nuna allo yana cewa wannan a tara da wancan, za ta yi shekara shida ta fito da waƙoƙin makaranta a baki, ba ta iya rubuta sunanta ba. Zama cikin masu gani abu ne mai kyau, kuma lokacinsa zai zo, galibi a sakandare. Amma sai ta tafi da makaminta a hannu.

Makamin nan shi ne rubutun makafi, wanda ake kira birel. Wani yaro ɗan ƙasar Faransa, Louis Braille, wanda aka haifa a 1809 ya kuma makance yana ƙarami bayan ya soki idonsa a shagon mahaifinsa, shi ya tsara shi yana da shekara 15. Ɗigo 6 ne kacal masu tudu a kan takarda mai kauri, uku a hagu uku a dama, ana sarrafa su su ba da siffa 63. Da su ake rubuta baƙaƙe da lambobi da alamomin lissafi, da Turanci da Hausa da Larabci. Ana karantawa da kan yatsa. Ana rubutawa da ɗan allo mai ramuka da tsinken ƙarfe, daga dama zuwa hagu, sai a juya takardar a karanta daga hagu zuwa dama. Akwai kuma injin Perkins mai kama da tafireta, amma yana da tsada, allo da tsinke sun ishi mai farawa. Za ki ji masu cewa yanzu zamanin waya ne, waya tana karanta wa makaho komai. Gaskiya ne wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, kwamfuta tana da NVDA wadda kyauta ce, kuma in ta girma duk za ta koye su. Amma sauraro ba ya koya wa yaro yadda ake haɗa baƙaƙen kalma, ba ya koya masa jera lissafi. Yatsun yaro kuma sun fi na babba saurin kama ɗigon nan, shi ya sa nake matsa miki kan bana.

Kada ki ɗauka sabon abu ne ake gwadawa a kan ɗiyarki. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri, a jihar Filato ta yanzu, tun 1953. Hukumomin WAEC da NECO suna buga takardun jarrabawa da birel, suna ƙara wa makafi lokaci. Hukumar JAMB tun 2017 tana da tsari na musamman da cibiyoyi na daban don makafi masu neman shiga jami'a. Akwai makafi malamai da lauyoyi da 'yan jarida a Arewacin nan, maza da mata. Akwai kuma inda ake horar da malaman da za su koyar da su, kamar Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo. Hanyar a share take, ko da akwai gargada.

Yanzu maigida. Kada ki ɗauke shi abokin gaba a wannan magana, domin tsoronsa na uba ne kuma yana da tushe. Yarinyar da ba ta gani ta fi saurin faɗawa hannun mugu, kuma mugu ya san ba za ta iya siffanta shi ba. Wannan ba abin da za ki musanta masa ba ne. Abin da za ki nuna masa, cikin natsuwa, ku biyu, ba a gaban Inna ko ƙannensa ba, shi ne ɗaki ba ya kare ta, jinkirta haɗarin kawai yake yi. Ku biyun ba za ku dawwama ba. Wadda ta san hanya, ta san kuɗi, ta san lambar waya, ta saba buɗe baki ta ce a'a, ta fi tsira daga wadda duk abin da ta sani shi ne ta miƙa hannu ga duk wanda ya ce zo. Kada ki nemi ya ce e a zaman farko. Ki roƙe shi abu ɗaya: ku je makarantar tare, ya gani da idonsa. Ya tambayi duk abin da ke ransa. Za ta iya zuwa da safe ta dawo gida bayan an tashi? Malamai mata nawa ne a sashen makafi? Ina banɗakin 'yan mata yake, wa ke raka ƙanana? Wa aka yarda ya ɗauki yaro a bakin ƙofa? In da abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa wa hukumar makarantar, ku shiga ƙungiyar iyaye ku bi kadinsa. Namiji ya fi riƙe shawarar da ya ji da hannunsa aka ƙulla ta.

Ki kuma nemi reshen Ƙungiyar Makafi ta Najeriya na jihar nan, malaman makarantar za su haɗa ku. Ki roƙi wani makaho mai aiki da iyali, ko makauniya da ta yi karatu, su zo su gaisa da maigida. Rabin sa'a da irin wannan mutum, yana ciro waya yana karanta saƙo, yana ba da labarin yadda ya yi tasa makarantar, ta fi duk abin da ni ko ke za mu faɗa.

Inna kuwa rabin maganarta daidai ne, ki fara da ba ta wannan rabin. Alƙur'ani dole ne, kuma ba sai an jira komai ba: a sa yarinyar Islamiyyar unguwa tun wannan makon, ta bi sa'o'inta, domin karatun baki ba ya buƙatar ido. Ki roƙi Inna ita ta riƙa sauraron tilawarta da yamma. Tsohuwar da aka ba matsayi a cikin al'amari ba kasafai take yaƙarsa ba. Daga nan, in zama ya yi daɗi, ki tuna mata cikin ladabi dalilin saukar surar Abasa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman a koyar da shi, a lokacin da Annabi yake magana da manyan Ƙuraishawa, sai Allah ya saukar da ayoyi a kan haƙƙinsa. Wannan sahabi daga baya ya zama ladani tare da Bilal, kuma Annabi ya sha barin Madina a hannunsa in zai fita. Ba a ɓoye shi a ɗaki ba, aiki aka ba shi. Kuma mu a garin nan muna da abin tunawa na kusa: Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ɗiyarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, har ƙauyuka su koyar da mata. Abin da zai fi taɓa zuciyar Inna, a zatona, shi ne ta ji akwai Mus'hafi cikakke da aka buga da birel. Jikarta in ta koyi rubutun nan, da yatsanta za ta bi aya ta karanta, ta koma ta gyara haddarta ba tare da jiran kowa ba. Bokon da Inna take gudu shi ne zai kai ta ga wannan.

Maganar bara kada a sake buɗe ta, kuma Allah ya saka wa maigida da ya rufe. Ba na raina bayin Allah da ke zaune bakin masallatai, yawancinsu ba a taɓa buɗe musu ƙofar aji ba ne. Amma yaron da ya fara kawo kuɗi gida ta wannan hanya, da wuya gidan ya sake shi. In akwai ƙunci, ku rubuta wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, ku faɗi abin da kuke nema ƙarara: allo da tsinke, takarda, farar sanda, kuɗin mota. Mai bayarwa ya fi sakin hannu in ya san inda abin zai tafi.

Saura ke, ƙanwata, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don ƙauna ce ta sa. Shugaban makaranta ya rufe mata ƙofa ɗaya, amma ƙofar zaure ke kika rufe. Na san tausayi ne. Sai dai 'yar shekara 8 ta isa ta yi wankanta, ta sa tufafinta, ta ninke su, ta wanke kofuna, ta share ɗaki, ta tsince wake. Ki tsaya bayanta, ki ɗora hannunki a kan nata, ki nuna mata sau biyu sau uku, sannan ki janye ki haɗiye tsoronki. Za ta zubar da ruwa, za ta sa riga a baibai, za ta yi tuntuɓe ta ƙuje gwiwa kamar yadda yayanta ya ƙuje tasa. Naki shi ne ki kawar da haɗarin gaske: a rufe rijiya, a keɓe wurin murhu da gawayi, a daina barin bokiti da turmi a tsakiyar hanya, ƙofa ta zama a rufe ruf ko a buɗe gaba ɗaya. Kowane abu ya samu wurinsa, in an canza a faɗa mata.

Ku riƙa yi mata magana da yawa. Wanda ya shigo ya faɗi sunansa, wanda zai fita ya ce na fita, kada a bar ta tana zance da iska. A daina ce mata yana can, a ce yana hannunki na dama, kusa da randa. Ki tafi da ita kasuwa ta taɓa albasa da tattasai da buhun gero, ta shafa bayan akuya, ta ji yadda ake ciniki. In za ku yi tafiya ita za ta riƙe hannunki tana ɗan bayanki, ba ke za ki tura ta gaba ba. A makaranta za su koya mata farar sanda, kada kunya ta sa ki hana ta riƙewa a unguwa. Ki kira 'yan matan maƙwabta su yi gaɗa da tatsuniya a tsakar gidanku. Ki koya mata, kamar yadda za ki koya wa kowace ɗiya, wuraren jikinta da ba mai taɓawa, da cewa duk abin da ya faru ta faɗa miki ba za ki doke ta ba. Ga kuma wasan da zai shirya mata yatsu: ki yanko kiret ɗin ƙwai mai rami 6, uku da uku, ki ba ta duwatsu ko dabino, ki ce sa a rami na ɗaya, sa a na ɗaya da na biyu. Ba ta sani ba ta fara baƙaƙen birel, domin ɗigo na ɗaya shi kaɗai shi ne a, na ɗaya da na biyu kuma b.

Yayanta ya taimaka, amma kada a mayar da shi ɗan jagora har nasa karatun ya lalace, kuma kada a riƙa hana shi abu a ce saboda ita. Hakan yana shuka ƙiyayya tsakanin 'yan'uwa, ita kuwa za ta buƙace shi har tsufa.

In kun je makarantar maigida ya dawo yana nan kan bakansa, kada ki yi fushi, kada ki kai ta a ɓoye. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, baffansa ko limamin unguwa, ki fara zaunar da shi wannan ɗin ki fahimtar da shi, sannan ya yi masa magana. Kafin nan ki roƙi ɗaya daga malaman sashen makafi, mace in an samu, ta riƙa zuwa gida ranar Asabar tana koya mata birel, ku biya abin da kuka iya. Ke ma ki zauna ki koya tare da ita, mai gani da ido yake karanta ɗigon kuma baƙaƙen ba su da wuyar haddacewa, don ki iya duba mata aikin gida. Ranar da ta karanta wa mahaifinta sunansa da yatsanta, ki sake tayar da maganar.

Ki rubuto mini abin da likita ya ce game da idon, da yadda kuka yi da makarantar. In takardar ofis ce ta tsaya muku, ki faɗa mini inda ta tsaya mu duba mataki na gaba. Ki gaida Inna da maigida.

Taki,
Anti